Kwan Gwajin Surukina

Duk shekara akwai darasi guda da nake koyarwa gabana yana faɗuwa. Ni malamin lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a a nan Dutse, kuma darasin ba mai wuya ba ne, har ɗalibin da yake gyangyaɗi a bayan aji yana cin sa. Nakan ɗora dutsen guga a kan tebur, in ɗora hitar dafa ruwa, in ajiye guntuwar waya tsirara a gefe, sannan in ce kowa ya taso ya auna da mita. Dutsen guga ya ba su om hamsin da 'yan kai, hita ta ba su talatin da wani abu, ita kuwa waya ko ɗaya ba ta cikawa. Sai in ce su rubuta, su kuwa su rubuta suna hamma.

Abin da nake so su gane ba shi da yawa. Lantarki ta waya ɗaya yake shigowa, ta ɗayar yake komawa. Tsakaninsu dole ne a sami abin da zai tare masa hanya, ya sha wuya kafin ya wuce. Wannan shan wuyar ita ce aikin da muke mora: zafin guga, hasken kwan fitila, juyawar fanka. Mu malamai muna ce mata turjiya, da om ake auna ta. In kuwa wayoyin biyu suka haɗe da juna babu kome a tsakani, to ba mai tare shi, sai ya kwararo iya ƙarfinsa, waya ta ɗau zafi, robar jikinta ta narke. Nakan ba su misali da lambunan Ringim, da yake yawancinsu 'ya'yan manoma ne: ruwan da ya bi fangali-fangali yana shayar da albasa daban, wanda ya fasa gefen hanya ya tafi da ƙasa daban, alhali duka biyun gudu suke yi. Saboda haka duk wanda ya tsaya a kan tambayar ko akwai hanya, amsa ɗaya zai samu ga kaya mai aiki da kuma wayoyin da suka haɗe. Sai ya ƙara da tambayar nawa ne.

A daidai nan muryata take canzawa. Ɗalibai suna zaton ƙishirwa ce, har wani ya miƙo mini ruwa. Ba ƙishirwa ba ce. Shekara goma sha huɗu ke nan da na ga amsar wannan tambaya da idona, na yi shiru, mace ta mutu, wani kuma ya ɗauki laifin shi kaɗai.

Wanda ya ɗauki laifin surukina ne, mahaifin matata. Baba nake ce masa. Asalinsu masu shanu ne daga wajen Kiyawa, shi ne ya bar sanda ya shigo gari ya koyi wayarin tun yana saurayi. Rabin tsofaffin gidajen unguwar Limawa shi ya ja musu waya. Bai yi boko ba, bai san om ba, amma yana da abin gwajinsa da ya haɗa da hannunsa: batir biyu na tocila ya ɗaure da robar tayar keke, ya maƙala ƙaramin kwan tocila, ya fito da wayoyi biyu. In babu wuta sai ya taɓa su a kan layin da yake zargi, ya duba kwan. In ya kama ja-ja, da ƙyar, to kaya ne a kan layi, su suka cinye ƙarfin batir. In ya kama fari tas, wayoyi sun haɗe. Abin da mita take gaya mini da lamba, shi kwan nan yake gaya masa da launi, kuma sama da shekara talatin bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Lokacin wata bakwai ke nan da aurena, kuma kunyar Baba nake ji ba ta wasa ba. Tun daga bakin layi nake sauka daga kan babur in tura. Takalmina a waje nake barin su, in shiga zaure in tsuguna can kusa da ƙofa, kaina a ƙasa. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In ya ce an yi zafi yau, in ce an yi. Da zai ce an yi sanyi, haka ma zan ce an yi. Matata tana yi mini dariya, wai ita da ya haifa ma ba ta kai ni ba. Ƙarya take yi. Ita ce 'yar farinsa, ko sunanta ba ya faɗa, sai dai ya ce yarinyar nan. Tana barin nono aka ɗauke ta aka kai wa ƙanwarsa riƙo.

Wannan ƙanwar tasa ita ce Gwaggo. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, matata ita ce 'yarta ita ce kome nata. Tana zaune ita kaɗai a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Limawa, tana sana'ar zoɓo da ƙanƙara da wata tsohuwar firiza mai gurnani. Ita kam ba ruwanta da surukuta. Da na yi sallama sai ta ce ga malamin boko nan ya zo shan na banza, ta cika mini kofi, ta tsaya a kaina sai na shanye. Na so matar nan ƙwarai, ba don matata kawai ba.

Ranar Asabar ce, ana tsakiyar bazara. Matata ta aike ni in kai wa Gwaggo sukari. Na shiga na tarar da Baba a tsakar gida, ya buɗe jakar kayan aikinsa. Ashe fiyus ɗin layin da firiza take kai ne ya tsinke har sau biyu, ana kawo wuta sai ya ce ɗas. Fiyus siririyar waya ce da ake sa wa a bakin layi don ta riga sauran narkewa in lantarki ya yi yawa. Zoɓon Gwaggo ya fara tsami, shi ne ta aika aka kira mata yayanta. Na gaishe shi, na koma gindin katanga na tsuguna, kamar taku uku a bayansa.

Babu wuta a lokacin. Akwatin fiyus ɗin a jikin bango yake, rana ta haske shi fes. Baba ya zare fiyus, ya ɗora wayoyin gwajinsa a kan layin. Daga inda nake na ga kwan ya kama fari, fari irin wanda ko a cikin rana sai ka gan shi. Shi kuwa ya kai fuskarsa kusa, ya yi wa kwan inuwa da tafin hannu, ya daɗe yana dubawa. Kowa a dangi ya san yanar ido ta fara rufe masa gani, ba dai wanda ya taɓa faɗa a gabansa. Na sunkuyar da kai ina jira ya ce wayoyi sun haɗe.

Sai na ji ya ce, “Ja ne. Firizar ce.”

Ya yi wa Gwaggo bayani cewa wutar unguwar ba ta da ƙarfi, injin firiza yana jan da yawa kafin ya tashi, fiyus ɗin kuma siriri ne, shi ya sa ba ya jurewa. Magana ce mai ma'ana, na sha ganin haka a gidaje. Da kwan ja ya kama, da ni ma abin da zan ce ke nan.

Aka kira azahar, ya ɗauki buta ya zaga. Gwaggo ta shiga ɗaki neman tsohuwar waya da ya ce ta kawo. Mitata tana cikin jaka, sabuwa fil, a lokacin ko biki za ni da ita nake tafiya don a san na yi karatu. Na tashi da sauri na ɗora ta a kan layin. Injin firiza irin wannan ya kamata ya ba ni om goma sha wani abu. Mita ta nuna sifili da ɗigo huɗu. Na ce ko injin ne ya ƙone, na shiga ɗakin firiza na zare fulogi daga soket, na dawo na sake aunawa. Lambar ba ta motsa ba. Babu kaya ko ɗaya a kan layin, amma hanya a buɗe take. Wayoyin sun haɗe a wani wuri cikin silin, babu ko shakka.

Na ji motsin buta. Na koma na mayar da fulogin, na cusa mita a jaka, na tsuguna inda nake.

Wannan mayar da fulogin shi ne ya fi cin raina har yau. Ba abin da ya canza, da shi da babu duk ɗaya ne ga layin da ya haɗe. Amma ya nuna mini abin da nake tsoro a wannan lokacin. Ba gobara nake tsoro ba. Tsorona kada Baba ya gane na bi bayan aikinsa na duba.

Ya dawo ya feƙe tsohuwar wayar, ya zaro zaren jan ƙarfe guda huɗu ya murɗe su wuri ɗaya, ya ɗaura a madadin guda ɗaya siriri da yake wurin. Ya miƙo hannu baya, ni na ɗora masa filaya. Gwaggo tana ta godiya, tana cewa Allah ya bar mata Hamma, yadda take kiran yayan nata. Ta juyo ta ce da ni, malamin boko dai yau ya ga aikin manya. Na yi dariya na ce na gani.

A hanyar masallaci na shirya kome a raina, kuma shirin ya yi mini kyau. A makonnin nan sai da safe ake kawo wa Limawa wuta, wani lokacin ma a tsallake kwana. Gobe da sassafe zan dawo ni kaɗai, in ce na zo shan zoɓo, in hau silin in gyara, in mayar da siririn fiyus. Baba ba zai sani ba, girmansa bai zube ba, ni ma ban zama surukin da ya ƙaryata uban matarsa a gaban ƙanwarsa ba. Da zan fita daga gidan na wuce ta gaban akwatin nan. Da na miƙa hannu na zare fiyus ɗin na sa a aljihu, da shi ke nan. Na dube shi, na tuna Baba yana ƙofar gida yana jirana, na wuce.

Bayan la'asar ina zaune a gidana a Yalwawa, sai fanka ta fara juyawa, yaran maƙwabta suka ɗauki sowa an kawo wuta. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce wa kaina layinmu daban, nasu daban. Duk da haka na hau babur ko hula ban sa ba. Tun kafin in sha kwanar unguwar na hango hayaƙi baƙi ya miƙe, har ya rufe duwatsun da suke bayan gidajen.

Wutar ba ta da ƙarfin da za ta narkar da zare huɗu, amma ta isa ta dafa siririyar wayar da take cikin silin. Gwaggo tana fama da ciwon kai, ta sha magani ta kwanta ta rufe ƙofa. Kafin maƙwabta su fasa ƙofar, silin ya rufto, hayaƙi ya cika mata ƙirji. Kwana huɗu ta yi a asibiti, matata tana riƙe da hannunta da aka naɗe. A rana ta huɗu da hantsi ta cika. Daga baya na shiga kangon na bi wayar da ta rage, na sami wurin. A makon Gwaggo ta sa an gyara mata kwanon rufi saboda damina, wata ƙusa ta huda wayoyin biyu ta haɗa su a jikin katako.

A wajen zaman makoki, mutane cike da ƙofar gida, Baba ya ce, “Ni na sa wayar nan da hannuna.”

Aka yi ta ba shi haƙuri, ana cewa kwana ne ya ƙare, ba wanda ya isa ya tsallake ranarsa. Ina zaune a tabarma ta biyu, na ce Allah ya ji ƙanta tare da kowa. Bayan sadakar bakwai ya kira wani tsohon abokin sana'arsa ya ba shi jakar kayan aiki dukanta, bai sake taɓa waya ba. Da likitoci suka zo yin aikin ido kyauta, muka sa sunansa, ya ce ba za shi ba. 'Ya'yansa suka roƙe shi, limami ya sa baki, ya ce a ƙyale shi. Haka idon ya yi ta tafiya har ya tafi gaba ɗaya.

Matata ba ta taɓa cewa Baba ne ya kashe mata uwa ba, ko a cikin fushi. Amma gaisuwarsu ta gajarce. Da can takan zauna a bayan ƙofar zaure su yi ta hira ta bakin ƙannenta, yanzu ina kwana, lafiya lau, sai ta shige wajen mata. Da muka sami 'ya mace ta ce a sa sunan Gwaggo, aka sa. Duk bazara, in masu ƙanƙara suka fara yawo, sai in tarar da ita ta yi zuru a bakin murhu. Ni ne mai rarrashi. Ni nake ce mata ta yafe wa Baba, tsufa ne, kowa yana kuskure. Na iya wannan magana sosai, har takan ce Allah ya ba ta miji mai zuciya.

Ni kuwa tun daga ranar sowar yara in an kawo wuta ba ta yi mini daɗi. Ko a aji nake sai na tsaya na shaƙi iska ko zan ji ƙaurin roba. Wani lokacin da rana tsaka, in hasken ya bugi madubin babur ko murfin kwano, sai in ga kwan nan fari a tafin hannun Baba. Na auna kowane layi na gidana ya fi sau ɗari, har 'ya'yana suna tsokanata wai na fi son mita da su. Abu ɗaya na riƙe nake kwantar da hankalina da shi: ko da na faɗa, ba zai ji ba. Dattijo mai shekara talatin a sana'a, surukin wata bakwai ya ce masa idonka ya gaza? Da ya kore ni, ya ɗaura wayarsa. Na maimaita wannan har ya zauna mini kamar gaskiya.

Bana ciwon ƙoda ya kwantar da Baba. Likita ya kira mu gefe ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Aka gyara masa zaure, da yake ya ce nan ya fi jin iska. Wata Juma'a da hantsi matata ta dama kunu ta ba ni in kai. Na tarar da shi shi kaɗai, ya jingina da bango, ya rame, carbi a hannu. Ya gane tafiyata, ya ce Malam ne. Na ajiye kwanon na tsuguna kusa da ƙofa kamar kullum. Ban shirya magana ba. Na dai duba na ga in na bari mako ya zagayo, mai yiwuwa babu wanda zan gaya wa.

Na ce ina da magana a kan ranar gidan Gwaggo. Carbin ya tsaya. Na gaya masa duka, kaina a ƙasa, ko da yake ba ya ganina: yadda na auna lokacin da ya zaga, yadda na zare fulogi na mayar, lambar da na gani, shirin da na yi na dawowa da safe. Na ce na san ya haɗe tun kafin ya murɗa waya, na kuma miƙa masa filaya. Na ce ya yafe mini.

Ana ta wucewa a waje, wani mai dabino yana talla. Can ya ce shi bai san lambobin nan nawa ba, in bar su.

“Kwan fa? Ka gan shi?”

Na ce na gan shi.

“Ja ne ko fari?”

“Fari ne, Baba. Fari tas.”

Ya sauke numfashi, ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce shekara goma sha huɗu yana kunna kwan nan a cikin kansa, wata rana ya kama ja, wata rana fari, bai taɓa tsayawa a kan ɗaya ba. Yau dai ya sani.

Na ce masa, don in rage wa kaina, na yi zaton ko na faɗa ba zai karɓa ba.

Ya ce, “Da na karɓa, Malam. Ai ban ga kome ba ranar, hazo kawai na gani. Har na juyo zan ce ka duba mini, na tarar ka sunkuyar da kai. Sai na ji nauyin in gaya wa mijin 'yata idona ya mutu.”

Kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'iza. Bai hana ni ba. Da na lafa ya ce ya yafe mini, ni ma in yafe masa, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ce yau ɗin nan zan gaya wa matata, ta san ba shi kaɗai ba ne, ta zo ta zauna da shi kamar da, tun da sauran lokaci.

Ya ɗago hannu. Ya ce a'a. Shi tafiya zai yi, abin da take riƙe da shi a kansa zai bi shi kabari ya ƙare a can. Ni kuwa da ni za ta zauna, ni ne uban 'ya'yanta.

“Ta rasa uwa, ta rasa ni tun ina raye. Kada ka sa ta rasa miji. Ka ji ko?”

Na san ba daidai ba ne. Na san tana da haƙƙin ta sani, shi ma yana da haƙƙin 'yarsa ta riƙe hannunsa kafin ya tafi. Maganar tana bakina. Na dube shi, tsoho makaho ya jingina da bango yana jiran amsata.

Na ce, “To, Baba.”

Da na koma gida na tarar da matata tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba, ta tambaye ni ko ya sha kunun. Na ce ya sha kaɗan, yana gaishe ta.